Tab ko sarari: mu tsayar da magana ɗaya a kod ɗin wiki

Yau ba darasin "danna nan, danna can" na kawo ba. Ra'ayi ne, kuma na san wasu masu rubuta kod ba zai yi musu daɗi ba.

Kwanakin baya wani ɗan uwa da muke aiki tare a wata ƙaramar wiki ya ce in duba masa wani modul na Lua da ya kwafo daga Wikipedia ta Turanci. Akwatin bayanin da ke gefen muƙala ya daina nuna ranar haihuwa, kuma babu jan rubutun kuskure ko ɗaya. Na buɗe tarihin shafin, gyara ɗaya tak ya yi, amma shafin bambanci ya nuna kusan kowane layi an taɓa shi. Ashe bawan Allah tsarin layukan ne bai yi masa ba, sai ya mayar da duk Tab ɗin zuwa sarari bibbiyu, a garin haka harafi ɗaya ya faɗi daga sunan wata ma'ajiya. Lua kuwa ba ta ƙorafi a kan irin wannan, sai ta ɗauka babu komai a wurin ta wuce. Abin da zan gani cikin daƙiƙa goma ya cinye min yammaci guda.

Ga wanda bai gane ba, maganar tura layi ciki ake yi. Idan ka rubuta "if" ko "for", layukan da ke ƙarƙashinsa ana ɗan matsar da su dama don ido ya gane wane ne a cikin wane. Wasu da maɓallin Tab suke yi, wasu da dogon maɓallin sarari, sau biyu ko sau huɗu. Lua da JavaScript da CSS babu ruwansu da wanda ka zaɓa, duk za su yi aiki. Shi ya sa mutane ke cewa ai son rai ne.

A kwamfutarka son rai ne. A wiki kuwa shafin ba naka ba ne kai kaɗai.

Ni ra'ayina Tab, guda ɗaya a kowane mataki. Ba wai don ya fi sarari albarka ba, sai don masu gina MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kai, sun riga sun rubuta haka a ƙa'idarsu ta PHP da JavaScript da CSS da Lua. A 2013 aka kunna Scribunto aka fara rubuta modul da Lua a shafukan Wikimedia, kuma manyan da kowa ke kwafa irin su Module:Arguments da Module:Infobox da Tab suke tafe. Mu kuma ƙananan wiki, mu faɗa wa kanmu gaskiya, kwafa muka fi yi a kan ƙirƙira. Ranar da aka gyara wani kuskure a can asali, kana buƙatar ka jera naka da nasu ka ga me ya canza. In ka riga ka sauya tsarin layuka, ka rufe wa kanka wannan ƙofar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Kod ɗin MediaWiki kansa ta Gerrit yake bi, akwai na'urar da ke duba tsari ta ƙi abin da ya saɓa kafin a karɓa. Shafin wiki ba shi da wannan mai gadin. MediaWiki:Common.js yana gudana a burauzar duk wanda ya buɗe wiki ɗin a kwamfuta, shi ya sa a 2018 aka ware izinin taɓa irin waɗannan shafuka ga wani rukuni na musamman, ba kowane admin ba. To me ke kare mu bayan wannan? Idon mutane ne a shafin bambanci. Masu amfani da git suna da "-w" da ke ɓoye canjin sarari, shafin bambanci na wiki bai ba ka wannan ba. Duk wanda ya cakuɗa gyaran tsari da gyaran aiki a zama ɗaya ya makantar da mai dubawa, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Na san abin da za a ce min: "Malam, mu da waya muke aiki, ina muka ga Tab?" Wannan hujja ce ta gaske, ban raina ta ba. Kibod ɗin waya ba ya zuwa da Tab, kuma ko a kwamfuta, in akwatin rubutu na gama-gari ne, Tab tsallakar da kai yake zuwa akwati na gaba, sai a editan kod na shafukan Module da .js da .css ne yake shiga yadda ake so. Amma dabarar ba ta da wuya: kwafi farkon layin da ke sama, ka liƙa, ka ci gaba da rubutu. In abin ya gagara, rubuta gyaranka yadda ya samu, ka faɗa a taƙaitaccen bayanin gyara, mai kwamfuta ya daidaita layukan nan biyu ko uku. Wannan ya fi a juye fayil mai layi ɗari biyar saboda wayar mutum ɗaya.

Python daban ne, kar a ce ban faɗa ba. Masu rubuta bot da Pywikibot su bi PEP 8, sarari huɗu. A can tura layi ciki ma'ana ce da kanta, Python 3 ma tsayawa yake da TabError in ka gauraya su ba daidai ba. Haka kuma a rubutun wiki na yau da kullum, layin da ya fara da sarari akwati yake zama, don haka kar garin gyara Samfuri ka je kana tura layuka yadda kake yi a Lua.

Abin da nake so kowace wiki ta rubuta a shafin ƙa'idojinta bai wuce layi uku ba. Sabon shafi na Lua ko JavaScript ko CSS, Tab. Tsohon shafi, bi abin da ka tarar ko da ba ka so. In kuma dole sai an sauya tsarin, a yi shi a gyara na daban wanda babu komai a cikinsa sai wannan, a rubuta "tsarin layi kawai" a taƙaitaccen bayani. Modul ɗin ɗan uwan nan ma haka muka yi da shi daga ƙarshe: muka mayar da shi yadda yake a asali, sannan ya sake shigar da fassararsa, layi shida kacal.