Kafin a kai wuƙa ga muƙamuƙi

A shekarun 1980, likitoci a Amurka sun yi ta cire ɗan guringuntsin da ke cikin mahaɗar muƙamuƙi, suna maye gurbinsa da na roba, ƙirar kamfanin Vitek. Robar ta riƙa daddatsewa a ciki, jiki ya taso yana yaƙar ɓarɓashin, ƙashi ya zaizaye. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kanta, kamfanin ya durƙushe, aka bar mutane da raɗaɗin da ya fi wanda suka zo da shi.

A 1991 Dorrit Nitzan ta birnin Ƙudus da Franklin Dolwick na Jami'ar Florida suka wallafa wata hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar wuƙa: wanke mahaɗar. Sai a kashe zafin wurin, a soka allura biyu a gaban kunne, a tura ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta ɗaya, ya fito ta ɗayar. Ruwan yana ɗauraye abubuwan da ke jawo kumburi, ƙarfinsa kuma ya ɓamɓare guringuntsin da ya manne. Wasu likitoci kan bi da allurar hayaluronik, wani ruwa mai yauƙi irin wanda gaɓa ke samarwa da kanta, wanda aka daɗe ana tatsowa daga zankon zakara. Duk bakaniken da ke Sharaɗa a Kano ya san wannan: a wanke inji tukuna, sannan a zuba mai. Wankin ne dai ginshiƙin aikin, don har yau masana na muhawara kan yawan amfanin allurar hayaluronik.

Abin da ya sa na damu shi ne ma'aikacin majema a Chalawa ta Kano. Ya wuni a tsaye da goro a baki, ya kwana yana cizon haƙori, da safe ya yi hamma ya ji ƙas a gindin kunne. Wata rana bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere a tsaye. Nasa da ƙyar biyu. Sai ya nufi kemis, ya yi wata da watanni yana haɗiyar maganin ciwo har cikinsa ya fara zafi, ko a ɗiga masa magani a kunnen da lafiyarsa ƙalau.

Yawancin masu wannan ciwo ba sa buƙatar ko allura. Abinci mai laushi, gashi da tsumma mai ɗumi, hutu daga goro da rake, da robar haƙori ta dare sukan wadatar. In bakin ya kulle makonni, sai a ga likitocin baki da muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wanki kuma yana da iyaka. Yaron da ya faɗi da haɓa har ƙashin ya haɗe, ko wanda cutar noma, mai cinye naman fuska, ta ɗaure wa baki, irin waɗanda ake kaiwa Asibitin Noma na Sakkwato, tiyata ce kawai za ta buɗe masa bakin.