Ƙusa ba ta mayar da kambas but

1/ Zare ne mai tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Magana ce a kan wata ɗabi'a da nake gani a filayen ƙwallonmu na Dala, daga Gwammaja zuwa Madigawa da Ƙofar Mazugal: yaro ya ɗauki kambas ɗin gudu, ya kai wa shumeka ya dasa masa haƙora a ƙasa, wai shi ke nan ya zama but. Ni dai ba na goyon baya, kuma zan faɗi dalili.

2/ Ga waɗanda ba su san abin ba, ga yadda ake yi. A samo mataccen but a yanko haƙoransa, ko a samo na roba, a shafa gam a manna a ƙasan kambas, sannan a bi da ƙusa ko sukuru don ya zauna. Wani ma ba ya wahalar da shumeka, Ƙofar Ruwa zai leƙa ya sayo sukurori irin na kafinta, ya zauna a soro ya ɗaura da kansa. Ya taka a siminti ya ji ƙwas ƙwas, ransa ya yi fari.

3/ Na san amsar farko tun kafin ku rubuto: "Malam, talauci ne." Na yarda akwai shi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 duk wani abu da ake shigowa da shi ya tashi, har gwanjo. Ni ma a cikin birni nake, ba daga Nasarawa GRA nake rubutu ba. Amma talaucin ne ma ya sa nake wannan magana, don mai kuɗi in ya karye ya san inda zai je. Kai da kake tara ɗari biyar-biyar fa?

4/ Mu fara da takalmin kansa. Kambas ɗin gudu an yi shi ne don tafiya gaba, miƙe. Ƙasansa soso ne mai kauri da laushi don ya shanye duka, dunduniyarsa ta fi gaba tudu, samansa raga ce mai shan iska. Duk wannan alheri ne ga mai gudu a titi. Ƙwallo kuwa juyi ce, da birki, da yanka gefe. Kana kan soso mai tudu ka yi yankan gefe, ƙafarka ce za ta zame daga kan takalmin, idon sawu ya tafi.

5/ But kuma ɗauki ɗaya ka juya shi ka gani. Babu soso. Faranti ne mai tauri tun daga yatsu har dunduniya, haƙoran kuma a jikinsa aka zubo su ko aka yi musu mazauni. In ka taka, farantin ne yake raba nauyinka ga duk tafin ƙafa. Shi ya sa haƙori goma sha biyu suke ƙarƙashinka amma ba ka jin ko ɗaya. Ƙafarka kuma tana kusa da ƙasa, ba a kan katifa ba.

6/ To ka dasa haƙori a soso, me zai riƙe shi? Ɗayan biyu ne. Ko dai ya kwanta gefe ya fice ya bar rami, ko ya nutse ciki ya nufo tafin ƙafarka. Kowane taku kana buga ƙusar nan da nauyin jikinka, kamar guduma. Mako biyu, uku, tsinin ya huda shimfiɗar ciki. Sai ka ga yaro ya yanko kwali ya saka, gobe ya ƙara wani kwalin. An sayar da kare an sayi biri.

7/ Kuma wanda ya fi ba ni haushi: ba kai kaɗai abin yake cuta ba. Sukuru kansa ƙarfe ne mai kaifi, in ya goge da tsakuwa ya zama aska. Na ga ƙwaurin wani ƙanin abokina da aka bi ta kai da irin wannan takalmi a wasan sada zumunta, wasan da ko kofi babu. Ɗinki aka yi masa, da allurar tetanos, ya yi makonni bai je wajen sana'arsa ba. Wanda ya taka shi ya ce "afuwan", magana ta ƙare. Kuɗin maganin nan ya isa but mai kyau, har da canji.

8/ Doka ta 4 a dokokin ƙwallo na duniya a fili take: ɗan wasa ba zai sa wani abu mai haɗari ba. Shi ya sa kuke ganin ana duba ƙasan takalmin mai shigowa canji a bakin layi. Mu a gasar unguwa rafli zai tsaya ya yi ta rigima a kan kalar riga, amma ba zai ce kowa ya ɗaga ƙafa ba. Minti biyu ne fa. Biyu kacal.

9/ Yanzu ga inda zan ɓata wa wasu rai. Wai haƙoran ma na me? Ku duba filin da muke bugawa. Daga Nuwamba har zuwa Mayu ƙasar nan ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga tsakuwa, ga ƙura. Aikin haƙori shi ne ya shige ƙasa ya riƙe. In ƙasa ta ƙi karɓa, a samansa kake tsaye, kamar mai tafiya a kan duwatsun dara. Riƙon da kake nema bai samu ba, sai ciwon tafin ƙafa da na agara.

10/ Masu ƙera takalman nan sun raba su gida-gida, kuma suna rubutawa a kwali ko a jikin takalmin. SG na ciyawa mai laka ne, dogayen haƙora masu bakin ƙarfe. FG na ciyawa busasshiya. AG na ciyawar roba. TF shi ne mai ƙananan ƙuraje da yawa a ƙasa, wanda wasu suke rainawa suna cewa na tirenin ne. To a filin makarantar firamare da rani, wannan TF ɗin da kuke rainawa ya fi duk sauran dacewa da ƙafarku. Shi ma filin kafet da ake haya da awa, shi ne daidai da shi.

11/ Za a kawo min labarin 1954. E, na sani. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya a birnin Bern, Jamus ta Yamma ta ci Hungary 3-2 bayan an fara zura mata biyu, kuma Adi Dassler mai Adidas ya ɗaura wa Jamusawa dogayen haƙora masu kwancewa. Amma me ya sa ya yi? Ruwa ake tsugawa, fili ya zama taɓo. Takalmin kuma tun daga masana'anta an yi masa mazaunin haƙori. Wato mutumin ya dubi ƙasa ne ya zaɓi takalmi. Mu kuma hoton Instagram muke duba.

12/ Akwai kuma 'yan boko da za su ce ai 'yan kurket a Ingila da Ostireliya suna kai kambas a sa musu ƙusa. Gaskiya ne, suna yi, musamman masu son takalmi mara nauyi. Amma ku tambayi yadda ake aikin. Ana kankare ƙasan takalmin ne gaba ɗaya da inji, a manna cikakken faranti mai mazaunan ƙusa, ƙusar ta shiga faranti ba soso ba. Kuma a kan ciyawar da ake ba ruwa ake sa shi. Aikin ma ba araha ba ne, ƙari ne a kan kuɗin takalmi mai tsada. Duk da haka masu jifa da ƙarfi da yawa takalmin da aka ƙera don jifa suke saye, saboda ƙafar gaba tana sauka da ninkin nauyin jiki sau da dama. Kar a haɗa wannan da sukuru shida da gam na ɗari biyu.

(Tunda an zo kurket: 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 sun doke New Zealand da maki biyu a Kofin Duniya a Malesiya, Janairun 2025. Da yawanku ba ku ma ji ba. Wannan zare ne na wata rana.)

13/ Shumeka ba shi da laifi a wurina. Garin nan garin fata ne tun kaka da kakanni, ga unguwar Dukawa, ga Kasuwar Kurmi, ga masu takalma a Ƙofar Wambai da hannunsu ya iya aiki. Ka kai musu but ɗin da ya buɗe baki su ɗinke maka shi zagaye, ya ƙara shekara. Wannan gyara ne na gaske. Amma kai ka zo da kuɗinka ka ce a dasa haƙori a soso, shi kuma yana neman na cefane, ya ce a'a?

14/ Laifin yana kan wasu kococin unguwa. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah da suke ciro kuɗi daga aljihunsu. Amma akwai wanda zai kori yaro daga tirenin wai "ba ka da but", alhali yaron yana da takalmi lafiyayye da ya dace da filin. Yaron ya koma gida, babu kuɗi, gobe ya dawo da kambas mai sukuru, koci ya ji ƙwas ƙwas ya ce shiga. Koci, don Allah wa ka taimaka?

15/ Da mu kanmu 'yan bakin layi. Yaro ya shigo da TF a ce "ɗan jogin ya zo". A yi ta dariya. Ɗan shekara sha huɗu ba ya jure dariya, ya gwammace ƙusa ta soke shi. Alhali a 1949 tawagar Najeriya ta farko da ta je Ingila, su Teslim "Thunder" Balogun, yawancinsu ba takalmi suka buga, suka ci Marine 5-2 a wasan farko. Ba cewa nake ku cire takalmi ba. Cewa nake ƙarar haƙori a siminti ba ta taɓa cin ƙwallo ba.

16/ Wanda yake mafarkin Pillars, yake ganin Ahmed Musa ya ci 18 a kakar 2009/10 ya wuce Holan, ya tuna da gwiwa aka yi wannan tafiya. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa da mu, kowa ya san ƙofarsa. Ka taɓa raka wani ka ga masu sanda a layi? Jijiyar gwiwa in ta tsinke ba aikin mai ɗori ba ne, tiyata ce, da watanni masu yawa ba ƙwallo. Wasu daga nan ba su sake dawowa ba.

17/ "To me za mu yi?" Kuɗin gam, kuɗin shumeka, kuɗin gyara na biyu da na uku, da kambas ɗin da ka kashe wanda da zai kai ka makaranta shekara guda: haɗa su. Ka ƙara haƙuri wata ɗaya ko biyu, ka sammaka Ƙofar Wambai ko Sabon Gari wajen 'yan gwanjo. Ƙungiya ma za ta iya yin adashi, kowane wata mutum ɗaya ya ɗauka. Ana yi don anko na Sallah, ba a taɓa cewa ya gagara ba.

18/ In ka je, kar launi ya ruɗe ka. Lanƙwasa takalmin, wajen yatsu ya kamata ya lanƙwasu, ba tsakiya ba. Matsa bayan dunduniya, in ya lotse kamar buredi ajiye shi. Duba farantin da kyau a rana, tsaga ɗaya ta isa ka fasa. Sa hannu ciki ka shafa. Ka je da safar da kake bugawa da ita, ka gwada ƙafa biyu, ba ɗaya ba. Kuma lamba ɗaya sama "don ya daɗe" ba dabara ba ce, farcenka ne zai biya.

19/ Mai gasar unguwa da yake karanta wannan: a gasa ta gaba sa a takardar rajista cewa za a duba ƙasan takalmi kafin busa. Wanda aka samu da sukuru ya canza ko ya zauna a benci, ko da shi ne lamba 10. Masu kambas mai haƙora kuma ku turo min hoton cikin takalmin, ku zare kwalin tukuna. Ina nan har a kira isha'i.