Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa



Mai wannan wasiƙa na roƙon a saurare shi kan nas-nas masu ba da allurar barci a ɗakin tiyata.

Ƙanwarsa ce naƙuda ta yi wa gardama da daddare a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki. Akwai likitan, akwai wuta, jini ma 'yan uwa sun bayar. Amma nas ɗaya tilo da ya iya allurar baya ya yi rakiyar wani majinyaci birni, ba wanda zai maye gurbinsa. Haka aka sa ta a mota, tana cizon gyale, aka bi hanya mai ramuka. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ba a ga laifin nas ɗin ba, mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Abin da ke cin rai shi ne asibiti guda ya dogara da numfashin ma'aikaci ɗaya shekara da shekaru, kuma babu wanda abin ya dama.

Aikin nan ba soka allura kaɗai ba ne. Nas ɗin ne ke auna maganin daidai da nauyin majinyaci, ya tsare numfashinsa da bugun zuciya da iskar oksijin a jininsa har ya farfaɗo. Sai ya gama karatun jinya, ya ƙara wata 18 a makaranta irin ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 1 ga mutum 100,000 ba, mafi yawansu kuma suna manyan birane, don haka karkara ta nas-nas ce.

Masu girma, rashin ɗaukar nauyin karatunsu ne ya jawo ƙarancinsu. Wanda ya biya wa kansa, da ya gama sai ya nemi asibitin tarayya ko ƙasar waje.

Ku tura aƙalla biyu daga kowane babban asibiti karatu, ku biya su alawus ɗin karkara a kan kari. Kuɗin bai kai na ginin da ake ƙaddamarwa ba kayan aiki a ciki ba. An sha faɗar haka, mai wasiƙar ma ya gaji, amma yana sa ran ko ɗaya cikinku zai saka shi a kasafin baɗi.

Wassalam.