Ina Alƙawarin Farashin Siminti Ya Kwana?

A watan Fabrairun 2024 Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka fito aka shaida wa ’yan Najeriya cewa buhun siminti zai tsaya tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. Kafin nan, a Oktoban 2023, BUA ya yi shelar naira 3,500 a bakin masana'anta. Har yau wanda ya shiga shago da dubu bakwai zai fito hannu rabbana. Ba a tuhumi kowa ba.

Mu ba ta masu gina benaye a Maitama muke yi ba. Damuwarmu magidancin da katangarsa ta tsage tun bara, ya tokare ta da azara yana jiran sauƙi. Kwanon ɗakinsa yana yoyo, da hadari ya haɗo sai maiɗakinsa ta naɗe katifa ta jera robobi. Albashinsa na wata, idan naira 70,000 ne, buhu nawa zai saya, balle yashi da rodi da kuɗin magini? Haka gyara ya koma faci, facin ma sai an ci bashi. Magina da kafintoci da leburori suna wuni a bakin titi babu mai ɗauka, wasu masu buga bulo kuma sun koma ƙara yashi suna rage siminti. Idan damina ta yi nisa, irin waɗannan gidaje ne ke ruftawa kan yara. Gwamnati ta tsaya kan maganarta, ko ta faɗa mana ta janye.

Kamfanonin suna kuka da tsadar gas da dizal da faɗuwar naira, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma dutsen da ake ƙonawa ba daga waje ake shigo da shi ba, yana nan a Obajana da Kalambaina da Ashaka. Tun 2002 aka taƙaita shigo da siminti domin masana'antun gida su tsaya da ƙafafunsu, talaka ya haƙura bisa alƙawarin araha. Sun tsaya, har suna fitarwa ƙasashen maƙwabta, kowace shekara suna shelar riba. Arahar ce ba ta zo ba. Majalisar Wakilai ma ta kira su a 2024, aka yi ta hayaniya kamar yadda aka saba, ƙura ta lafa.

Muna kira ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta binciki abin da ake kashewa kan kowane buhu tun daga masana'anta har hannun dillali, ta bayyana wa jama'a. Idan kamfanonin sun ƙi sauko da farashi, a buɗe ƙofar shigo da siminti. Gwamnati ta cika alƙawarin da ta ɗauka kafin ruwa ya sake sauka.