RA'AYINMU: Hanyar Keke Daga Bukuru Zuwa Vom

Duk wanda ya taɓa zama a Jos ya san kewayen nan. Mutum ya hau Raleigh ɗinsa da sassafe daga Bukuru, ya bi ta Kuru, ya ɓulla Vom, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a 1924, sa'an nan ya komo gida kafin azahar. Hawa ne da gangara tsakanin duwatsu da gonakin acca da dankalin Turawa, ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ko mai furfura yana iyawa, sai dai ya sauka ya tura a hayi ɗaya ko biyu.

To, tun rikicin Jos na watan Satumba 2001, ba tudu ke hana mutane ba. Bahaushe yana lissafin ƙauyen da zai ratsa, mutumin Birom kuwa yana tunanin unguwar da taya za ta yi masa faci.

Lalle Gwamnatin Filato ta riƙa zaunar da dagatai da ardo-ardo na wannan yanki tun kafin wuta ta tashi. Ku kuma 'yan'uwa na Sabon Ibadan, Agege da Fatakwal, in an bugo muku waya da labarin faɗa, ku bincika kafin ku yaɗa. Jita-jitarku tana komowa har Bukuru, mai keke shi kaɗai a hanya kuwa shi ake fara tarewa.