Hukuncin Ƙera Ƙaramar Bindiga

Tun da wayar hannu ta cika gari, samarin Gawuna da na sauran unguwannin Nassarawa suna kallon yadda mutumin Amurka kan sayo gangar jikin bindiga sabuwa, ya kai gida, ya harhaɗa ƙaramar bindiga da hannunsa, ba wanda zai ce masa kanzil. Wanda ya ga haka sai ya zaci abin da ya halatta can ya halatta nan. Wannan zato kuwa yana iya kai mai shi gidan yari shekara 10. Saboda haka ya wajaba malamai da 'yan kasuwa su san bambancin, gama malami a ke tambaya, ɗan kasuwa kuma shi ke da kayan ƙarfe a rumfa.

Gangar jikin bindiga ita ce ƙarfen nan na tsakiya inda kunama da sauran kayan ciki su ke zama, a jikinta kuma a ke buga lamba. A dokar tarayyar Amurka, muddin tana sabuwa, ba a taɓa ɗaura mata kome ba, to, ita ba doguwa ba ce, ba kuma ƙarama ba. Abin da aka fara yi da ita shi ne asalinta. In mai ita ya fara mai da ita ƙaramar bindiga don amfanin kansa, tarayya ba ta hana shi ba, sai fa in shi mutum ne da aka haramta wa riƙon makami, ko kuwa jiharsa ta tsananta, kamar Kalifoniya da Niyok. Amma in ya fara yin doguwa da ita, mai gindin da a ke tokarawa a kafaɗa, shi ke nan ta zama doguwa. Ya gajarta bakinta ƙasa da inci 16 ba tare da rajista ba, laifi ne mai kai wa ɗaurin shekara 10. Malaman fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba, don sun saba da mas'alolin da hukunci ke bin asalin abu, ba kamanninsa ba. Ga bindigogi biyu, ido bai iya rarrabe su, amma ɗaya halal ɗaya haram, domin tarihin ƙarfensu ya bambanta.

Dalilin wannan murɗiya yana cikin dokarsu ta 1934. A zamanin nan 'yan ta'addar birane su kan datse dogayen bindigogi don su ɓoye cikin riga. Da fari an yi nufin dokar ta haɗa har da ƙananan bindigogi, amma kafin majalisa ta zartar aka tsame su. Sai aka wayi gari an tsananta wa datsattsiya, ita kuwa ƙaramar da aka fi tsoro an bar ta. Daga nan ne jayayya ta yi ta tasowa, har ta kai gaban Kotun Ƙoli a shekarar 1992, a shari'ar kamfanin Thompson/Center.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba ko kusa. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na fari haramtattu, watau igwa, da bindiga mai jigida, da bindigogin soja, da libarba da kowace irin ƙaramar bindiga. Ba mai ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne irin na farauta masu cin harsashi, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigar toka da 'yan uwanta masu cin albarushi ta baki, al'amarinsu yana wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha, wanda a Kano ofishinsa ke Bompai, nan kusa da Gawuna. Abin lura, dokar ta ambaci ƙaramar bindiga mai ƙanƙara da sunanta cikin kashi na fari. Watau ko bindigar toka ce, da zarar an yi ta ƙarama ta riƙewa a hannu ɗaya, ta bar ajin mafarauta ta shiga ajin igwa.

Har wa yau dokar ta hana ƙerawa, da harhaɗawa, da gyara, sai a ma'ajin makamai na hukuma ko masana'antar soja, irin wadda aka kafa a Kaduna a 1964, ko kuwa da izini na musamman. Kalmar harhaɗawa ita ta toshe ƙofar mai cewa shi bai ƙera kome ba, gutsattsari kawai ya saya ya haɗa. Hukuncinsa ɗauri ne wanda bai kasa shekara 10 ba. Haka kuma an hana datse bakin bindiga mai santsin ciki ƙasa da inci 20.

Nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe kunne. A fassarar dokar, kowane yanki na jikin bindiga bindiga ne. Wannan ƙarfe da Amurka ta ce ba doguwa ba ne ba ƙarama ba, a nan shi kaɗai ya isa shaida gaban alƙali, ko da bai taɓa jin warin albarushi ba. Fatake kan haɗa kaya a kwantena guda don rage tsadar jirgi, kowa ya amince wa ɗan uwansa. A watan Janairu 2017 'yan kwastan suka kama bindigogi 661 a Ikko, an ɓoye su cikin kwantena tare da ƙofofin ƙarfe. Mai rumfa a Ƙofar Ruwa da sunansa ya fito a takardar irin wannan kaya, sai ya sha wuya kafin ya wanke kansa.

Game da ƙaramar bindiga, dokar 1959 ta yi daidai, ta kuma fi ta Amurka hankali. Doguwar bindiga ba ta ɓoyuwa. Mafarauci ya saɓa ta, duk gari ya gani. Ƙarama kuwa ba a harbin gada da ita, ba a korar biri daga gona da ita. Falalarta guda ce, shiga aljihu, wanda kuwa ya ke bukatar makami ya shiga aljihu a tsakiyar kasuwa, an san abin da ya nufa. Mazhabar Malikiyya ta daɗe da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, malamai kuma sun hana sayar da makami a lokacin fitina, ko ga wanda aka san zai yi zalunci da shi. Maƙerin da ya ce shi sana'a kurum ya yi, bai san inda za a kai ba, bai da mafita ta wannan fuska, ga masu satar mutane da 'yan ƙwacen waya ko'ina.

Amma akwai wurin da hukuma ta yi sakaci. Rabon nan na bar wa baƙar fata bindigar toka a hana shi mai kyau ya samo asali ne tun yarjejeniyar Turawa ta Burasal a 1890, kafin a ci Kano a 1903. Bindigar toka ta zauna, ta zama ta mafarauta da ta 'yan bindigar Sarki a hawan salla. Dokar 1959 ta san da haka, har ta ba Sufeto Janar iko, da yardar Gwamna, ya ba maƙeri izinin ƙera ta da gyara ta. Ƙofar tana nan a takarda, amma masu shiga ta cikinta kaɗan ne, galibin maƙeran ƙauye ba su ma san da ita ba. Sai ya zama tsohon da ya gaji gyaran bindigar mafarauta daga kakansa, da yaron da ke ƙera wa ɓarayi libarba cikin dare, duk ɗaya su ke a idon doka, duka a ɓoye su ke aiki. Na kirki ba zai kai ƙarar mugu ba, don shi ma yana tsoron kamu.

Maganin wannan ba wuya gare shi ba. Akwai Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2021, aka ƙarfafa ta da doka a 2024. Akwai Sarkin Maƙera, da dagatai, da masu unguwanni, waɗanda suka san kowace maƙera da mai ita. A rubuta maƙeran bindigar toka ta hannunsu, a ba kowa izininsa da lambarsa, ya riƙa buga ta jikin duk wadda ya ƙera, ya kuma riƙe littafin sunan wanda ya saya da garinsu. Kuɗin izinin kada ya fi ƙarfin talaka, takardar kuwa a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, yadda maƙerin Bunkure ko na Ɗambatta zai karanta da kansa.