Doka Ta Hana, Amma Wa Zai Kai Ƙara?

Tun 1964 Amurka ta haramta hana mutum aiki saboda launin fatarsa, kuma dokar ta yi rana, don wanda aka zalunta yana iya zuwa kotu. Sai dai wani bincike da ya fito a 2004 ya aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Shikago, masu sunayen fararen fata suka fi na baƙaƙe samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Kun ga wadda aka ƙi kira ba ta ma san an cuce ta ba, balle ta kai ƙara. Ƙanwata, in Allah Ya kai ki can, riƙa adana takardunki, alƙali da hujja yake aiki. Sai fitowa ta gaba.